Saƙonnin Cikin Kwamfuta da Masu Kasa Musu Kunne

Jawabin da aka yi wa Hakimai da Malamansu a Ƙofar Galadima, cikin birnin Zariya

 

Abin da ya tara mu yau shi ne amanar takardun jama'a. A da, in Hakimi ya kira Malaminsa ya yi masa shifta, mutum biyu ne kaɗai suka san abin da ke cikin wasiƙar, sai fa in wani ya laɓe a bayan zaure. Yanzu kuwa takardar shaidar asali, da takardar sulhun gona, da jerin sunayen dagatai da masu unguwanni, da rahoton da a ke aika wa Majalisar Sarki ko Ƙaramar Hukuma, galibinsu da kwamfuta a ke buga su, wasu ma a kan wayar hannu. Ina so in nuna muku cewa a cikin kwamfutar nan akwai wurin laɓewa, in gaya muku wa ke iya laɓewa a wurin, da yadda abin ya bambanta daga wannan iri na kwamfuta zuwa wancan, da kuma abin da ya wajaba a kan ko wannenmu.

Yadda saƙo ya ke tafiya

Da gangan na ke so mu fara daga inda mu ke zaune. Ƙofar Galadima ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar Zazzau, tare da 'yan'uwanta irin su Ƙofar Doka, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Kona, da Ƙofar Bai. A zamanin da, duk mai shiga birni da kaya ko da saƙo, tilas ya bi ta ɗayansu, mai tsaron ƙofa ya gan shi. Kun kuma san kalmar ƙofa tana da wata ma'ana a sarauta. A da, sarakunan da ke bin Zazzau, kamar na Keffi da Nasarawa da Jama'a, ko wannensu yana da babban mutum a birni wanda shi ne ƙofarsa, ta hannunsa maganarsa ke isa ga Sarki, jakadu kuwa su ke kai da komowa. Wanda ya riƙe wannan hanya ya san sirrin ɓangarorin biyu.

To, haka kwamfuta ta ke a ciki. Akwai babbar manhaja wadda ita ce uwar gida, ita ke riƙe da maɓallan rubutu, da linzami, da allo. Windows irinta ce, haka Linux, haka macOS ta kamfanin Apple, haka Android da ke cikin yawancin wayoyinmu. A ƙarƙashinta kuma akwai ƙananan manhajoji, wannan ta rubutun wasiƙa, wannan ta lissafi, waccan ta shiga intanet. Ko wace ƙaramar manhaja tana da fili mai kusurwa huɗu a kan allo, shi a ke kira taga.

Abin lura shi ne, ƙaramar manhaja ba ta jin yatsan Malam kai tsaye. In Malam ya danna harafi, uwar manhaja ce ke fara ji. Sai ta duba tagar da a ke aiki a kanta, ta rubuta ɗan gajeren saƙo. A Windows saƙon yana ɗauke da lambar tagar, da irin abin da ya faru, da bayaninsa, da lokacin da ya faru, da wurin da kibiyar linzami ta ke. Sa'an nan ta jefa shi cikin layin saƙonnin manhajar, ita kuma ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana aikatawa. Harafi guda ya kan jawo saƙo uku: an danna, ga harafin da ya fito, an saki. Kalmar Zazzau kaɗai, mai haruffa 6, ba ta kasa saƙo 18 ba. In kuka ga Windows ta dusashe wata taga ta ce ba ta amsawa, ma'anarsa manhajar ta yi kamar daƙiƙa 5 ba ta ɗauki saƙo daga layinta ba. Wannan tsari yana nan tun Windows ta farko, wadda ta fito a 1985.

Tun da ya ke saƙo yana tafiya daga hannu zuwa hannu, ashe akwai hanya, inda kuwa akwai hanya a kan sami mai tsayawa a bakinta. Wata manhaja dabam tana iya roƙon uwar manhaja ta nuna mata saƙonnin da ke zuwa tagogin da ba nata ba. Wannan shi ne kasa kunnen da na ke nufi.

Ba duk mai saurare ne ɓarawo ba

Kada ku ɗauka an yi wannan hanya don mugunta. Masu ƙirar manhaja suna bukatarta don gano inda aikinsu ya karkace, kamar yadda makaniki ya kan kara kunne a jikin inji. Makafi suna bukatarta ƙwarai. Akwai manhajojin da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya, kamar NVDA wadda aka fara a ƙasar Ostareliya a 2006, a ke kuma ba da ita kyauta, da VoiceOver ta Apple, da TalkBack ta Android. Ba su da hanyar yin aikinsu sai sun san abin da ke gudana a tagogin wasu.

Ga misali ma na kusa. Malaman da ke buga Hausa sun san wahalar haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Manhajojin da wasu ke sakawa don samun waɗannan haruffa, irin su Keyman, tsayawa su ke yi tsakanin maɓalli da taga, su karɓi abin da aka danna, su musanya shi da harafin da a ke so, sa'an nan su miƙa. Aiki ne mai kyau, amma ku lura da matsayin da aka ba su: duk abin da Malam ya buga ta gabansu ya ke wucewa. Hanyar da mai taimakon makaho ke bi, ita ce dai ɓarawon rubutu ke bi. Abin da ya raba su shi ne izini, da sanin mai kwamfuta.

Windows

Na fara da ita domin ita ce ta fi yawa a ofisoshinmu. A Windows hanyar saurare sunanta ƙugiya. Manhaja ta kan maƙala ƙugiyarta a hanyar saƙonni, duk saƙon da ya zo sai an nuna mata tukuna. Wasu ƙugiyoyin kallo kawai su ke yi, wasu suna iya canja saƙon, wasu ma su hana shi isa. Kamfanin Microsoft da kansa yana ba masu ƙirar manhaja wani abin aiki mai suna Spy++, wanda in ka nuna masa taga sai ya jero maka saƙonninta suna wucewa kamar ruwa.

A farko babu shamaki ko kaɗan tsakanin tagogi. A 2002 wani mai bincike, Chris Paget, ya nuna cewa ƙaramar manhaja marar muƙami tana iya aika wa tagar babbar manhaja saƙon da zai sa ta yi mata aiki da ikon da ita ba ta da shi, kamar bara ya rubuta takarda ya sa a buga mata hatimin Hakimi. Da Windows Vista ta fito a farkon 2007 sai aka yi gyara, aka raba manhajoji daraja daraja, aka hana ta ƙasa maƙala ƙugiya ko aika irin wannan saƙo ga ta sama da ita. Shi ya sa ma in za ku saka sabuwar manhaja allo ya kan yi duhu, a fito da tambaya ita kaɗai. A wannan lokaci an ɗauke ku zuwa wani ɗaki ne da sauran manhajoji ba su iya shiga.

Amma gyaran bai rufe komai ba. Manhajoji masu daraja ɗaya har yanzu suna iya sauraren juna, kuma yawancin abin da Malam ke amfani da shi, daga manhajar wasiƙa har ta shiga banki, darajarsu ɗaya ce da duk wata manhaja da ya buɗe da hannunsa. Windows kuwa ba ta tambayar mai kwamfuta kafin a maƙala ƙugiya a kan maɓallan rubutu. Saboda haka a Windows tsaron yana wurin shiga ne. Abin da ka bari ya shigo gidan, ya sami zama a zaure.

Sai ku kuma san cewa Microsoft ya daina aiko da gyaran tsaro ga Windows XP a 2014, ga Windows 7 a Janairu 2020, tallafin Windows 10 na kowa da kowa kuma ya ƙare ran 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ke kan tsohuwar Windows, ganuwa ce da ba a yi wa yaɓe, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga.

Linux

Linux a kan same ta a jami'o'i da wurin masu sha'awar ilmin kwamfuta, ana kuma yabonta da tsaro. Yabon yana da tushe, amma a wannan fanni sai an yi bayani. Tsohon tsarin tagoginta sunansa X, an fara shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, bugu na 11 da aka daɗe ana aiki da shi ya fito a 1987. Waɗanda suka tsara shi ba su sa shinge tsakanin tagogi ba. Duk manhajar da aka bari ta hau allo tana iya jin ko wane maɓalli da aka danna, ta ɗauki hoton tagar da ta ga dama, ta kuma aika da dannawar ƙarya. A 2011 wata masaniyar tsaro 'yar ƙasar Folan, Joanna Rutkowska, ta nuna cewa da umarni guda ɗan gajere manhaja marar iko tana iya ganin kalmar sirrin shugaban kwamfuta yana buga ta.

Don maganin wannan da wasu matsaloli, Kristian Høgsberg ya fara wani sabon tsari a 2008 mai suna Wayland. A cikinsa ko wace taga saƙonta kaɗai a ke ba ta, ba ta san abin da maƙwabciyarta ke karɓa ba. Fedora ta koma kansa a 2016, Ubuntu kuma a 2021. Mai ƙirar manhaja yana iya duba saƙonnin manhajar da shi ya tayar da kansa, amma ba na wasu ba. Wannan tsanani ya jawo kuka daga masu aikin taimakon makafi da masu ɗaukar hoton allo, har aka riƙa buɗe musu ƙananan ƙofofi na musamman masu neman izini. Darasin da ke ciki shi ne, duk sa'ad da aka ƙara tsaro, sai wani mai bukata ta gaskiya ya takura, sai an nemi daidaito.

Kwamfutocin Apple

A macOS ma akwai hanyar saurare, amma kamfanin ya sa mai gadi a bakinta. Tun 2013 manhajar da ke son sarrafa tagogin wasu sai an rubuta sunanta cikin wani jeri, mai kwamfuta ya amince. Daga bugun Catalina na 2019 aka ƙara jeri na masu son jin maɓallan rubutu, da na masu son ɗaukar abin da ke kan allo. Ban da wannan, in mutum yana buga kalmar sirri a gurbinta, uwar manhaja ta kan toshe kunnen masu saurare har ya gama. Wannan ya fi kama da tsarin fada, inda baƙo ba ya wuce zaure sai an yi masa iso. Sai dai iso ba ya amfani in mai gida ya saba cewa a shigo ba tare da ya tambayi ko wane ne ba.

Wayar hannu

A Android ko wace manhaja a ɗakinta ta ke a kulle, ba ta ganin tagar wata. Ƙofa ɗaya babba aka bari, ita ce ta taimakon naƙasassu. Manhajar da aka ba wannan izini tana iya karanta abin da ke kan allo, ta ga abin da a ke rubutawa, har ta danna wurare da kanta. Ɓarayin asusun banki sun gane haka, shi ya sa su kan ɓad da kama, su zo da sunan manhajar gyaran waya ko ta ba da rance, su roƙi a buɗe musu wannan ƙofa. Daga Android 13, wadda ta fito a 2022, an ƙara tsananta ba da izinin ga manhajar da aka sauko da ita daga wajen kasuwar manhajoji, amma wayoyi da yawa da ke hannun jama'a sun girmi wannan gyara. A iPhone kuwa ba a ba manhajojin waje irin wannan hanya ba, sai dai tun 2014 ana iya saka baƙon allon haruffa, shi ma kuwa yana ganin abin da aka buga da shi.

In an taƙaita, Windows da tsohon tsarin X sun dogara ga amincin abin da ka shigar. Wayland da iPhone sun rufe hanyar tun daga tushe. Android da macOS sun bar mabuɗin a hannunka. A cikinsu duka babu wadda za ta tsare wanda ya miƙa mabuɗin da kansa.

Abin da ya taɓa faruwa

Tsofaffin Malamai da suka yi aiki da tafireta, musamman waɗanda suka ratsa makarantar Kongo, wadda aka fara a 1947 don horar da akawuna, za su so jin wannan. A 1984 Amurkawa suka gano cewa an dasa wasu 'yan na'urori cikin tafireta 16 na kamfanin IBM a ofishin jakadancinsu na Mosko da ƙaramin ofishinsu na Leningirad. Na'urorin suna lura da motsin ƙarafan cikin tafiretar, suna aika wa ma'aikatan leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ta iska. An yi shekaru ana haka. Wasiƙun suna fita a kulle cikin jakar jakadanci, alhali an riga an karanta su tun suna kan yatsun mai bugawa.

Ku riƙe wannan misali, domin shi ne zuciyar maganar. Za a ce muku WhatsApp a kulle ya ke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, shafin banki ma a kulle ya ke. Gaskiya ne. Amma kullewar tana zuwa ne bayan an rubuta. Mai kasa kunne a bakin taga ya riga ya ji tun ana shifta. Haka kuma ɗige-ɗigen da ke fitowa maimakon kalmar sirri, idon wanda ke tsaye a bayanka kaɗai su ke tsarewa.

Wani lokaci ba ma da mugun nufi ba. A 2017 wani kamfanin bincike na ƙasar Suwizalan ya gano cewa manhajar sauti da ta zo cikin wasu kwamfutocin HP tana rubuta duk abin da aka danna cikin wani fayil a ɓoye. An sa ta ne ta lura da maɓallin kashe makirufo, sai aka bar ta tana naɗe komai. Kamfanin ya fitar da gyara daga baya.

A ƙasarmu kuwa, a watan Mayu 2022 'yan sandan duniya, watau Interpol, suka ba da sanarwar cewa tare da Hukumar EFCC an kama mutum uku a Ikko da Binin, ana tuhumarsu da amfani da wata muguwar manhaja mai suna Agent Tesla. Aikinta naɗe abin da a ke bugawa, da ɗaukar hoton allo, da kwashe kalmomin sirri. Hanyar shigarta kuwa galibi wasiƙar imel ce mai ɗauke da abin da ya yi kama da takardar biyan kuɗi. Ma'aikacin ofis ne ke buɗe ta da hannunsa. Da ɗan gari a kan ci gari.

Abin da doka ta ce

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa 'yan ƙasa sirrin gidajensu, da wasiƙunsu, da maganarsu ta waya. Dokar hana laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta mai da tare saƙon kwamfuta da gangan ba tare da izini ba laifi, hukuncinsa ɗauri har na shekara 2, ko tara har Naira miliyan 5, ko duka biyu. Dokar kare bayanan jama'a ta Yuni 2023 kuma ta ɗora wa duk wanda ke tara bayanan mutane nauyin tsare su, in kuma aka yi ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan, a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72.

Ranku ya daɗe, wannan doka kaifi biyu gare ta. Tana kāre ofishinku daga ɓarawo, tana kuma hana ofishinku zama mai laɓewa. Ana iya zuwa wa Hakimi da tayin cewa za a saka masa abin da zai riƙa ganin duk abin da Malaminsa ke rubutawa, ko abin da wani Dagaci ke faɗa a wayarsa. Kada a karɓa. Wayar mutum ta kansa ba hurumin kowa ba ce, binciken laifi kuwa aikin hukumomin tsaro ne da umarnin alƙali. In akwai bukatar lura da kwamfutar ofis, a nemi shawarar lauyan hukuma, a rubuta ƙa'idar, a sanar da ma'aikata tun da wuri. Ban da haka ma, manhajar da ke kawo maka sirrin wani tana bi da shi ne ta hannun wanda ya ƙera ta, ba ka kuwa san inda ya ke ajiye nasa kwafin ba.

Abin da a ke bukata ga Hakimai

Na farko, ko wace kwamfutar ofis a san mutum ɗaya da ke da alhakinta, a rubuta sunansa. A kuma buɗe littafi, kamar littafin baƙi, a riƙa shigar da sunan duk manhajar da aka saka, da ranar, da wanda ya saka, da dalili.

Na biyu, a raba mabuɗi biyu. Mabuɗin shugaba, wanda da shi a ke saka manhaja, ya zauna a ajiye. Aikin yau da kullum a yi shi da ƙaramin mabuɗi. Wannan ba ya hana saurare duka, amma yana rage ɓarnar da baƙuwar manhaja za ta iya yi.

Na uku, in za a kai kwamfuta gyara, a kwashe takardun sirri tukuna, Malam kuma ya tsaya a kanta. In ta dawo a canja kalmomin sirri.

Na huɗu, in kwamfutar ofis tana kan Windows da aka daina yi wa gyara, a rubuta wa hukuma a nemi canji, kafin nan kuwa a raba ta da intanet.

Abin da a ke bukata ga Malamai

Na farko, kada a saka manhajar sata da a ke sayarwa da araha ko a ke turawa daga filashi zuwa filashi. Wanda ya fasa kullen manhaja ya ba ka kyauta yana iya cusa nasa a ciki. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Na biyu, kada a buga kalmar sirrin imel ko ta banki a kwamfutar shagon buga takardu, kada kuma a kai can takardar gādo, ko ta rikicin gona, ko ta sulhun aure. Ba zargin masu shago na ke yi ba. Kwamfutar da hannu ɗari ke taɓawa, mai ita ma bai san abin da ke cikinta ba.

Na uku, in imel ya zo da abin buɗewa daga wanda ba a sani ba, ko daga wanda aka sani amma ba a sa ran saƙonsa ba, a buga masa waya a tabbatar kafin a buɗe.

Na huɗu, sau ɗaya a wata a duba jerin izini. A Android a shiga wurin saiti, sashen taimakon naƙasassu, a ga waɗanda aka kunna. A macOS a duba sashen sirri da tsaro. A Windows a duba jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfuta, a kuma tabbata mai gadin da ya zo da ita, Microsoft Defender, yana kunne. Duk sunan da ba a gane ba a tambayi masani. Manhajar tocila ko ta wasa ba ta da abin yi da izinin karanta allo.

Na biyar, don haruffa masu lanƙwasa, Windows ta yau tana da jerin maɓallan Hausa a cikinta, sai a kunna shi. In kuwa lalle sai an saka wata manhaja, a ɗauko ta daga gidan masu ita.

Na shida, a kunna tabbaci na biyu a imel da banki, watau lambar da a ke aiko wa waya ban da kalmar sirri. Ko an saci kalmar, ɓarawo zai tarar da wata ƙofa a gabansa. Wannan lamba kuwa ba a faɗa wa kowa ita, ko da ya ce daga banki ya ke.

In kuwa Malam ya yi zaton an riga an shiga, kada kunya ko tsoron faɗa su sa ya yi shiru. Ya cire kwamfutar daga intanet, ya sanar da Hakimi a ranar, ya canja kalmomin sirri daga wata na'ura dabam mai tsabta, domin in ya canja su a kan wadda ta kamu, sabuwar kalmar ma an ji ta. Hakimi kuma ya karɓi irin wannan rahoto da sauƙin kai. Malamin da aka wulakanta don ya faɗi gaskiya, gobe ɓoyewa zai yi.

Ranku ya daɗe, talakan da ya zo gaban Hakimi ya faɗi iyakar gonarsa, ko yawan magadan mahaifinsa, ko abin da ya haɗa shi da matarsa, ya faɗa ne don ya amince maganar ba za ta wuce zauren ba. Bai san Windows ba, bai san ƙugiya ba, ku ya sani. Kakanninmu sun sa masu tsaro a ƙofofin birnin nan, suna rufe su in dare ya yi. Ƙofofin yanzu ƙanana ne, suna kan teburin Malam da cikin aljihunsa, tsaronsu kuwa ya faɗo a kanmu. Ina roƙo in kun koma ƙasashenku ku karanta wa Dagatai da masu unguwanni wannan takarda, ku kuma fara da buɗe littafin nan na manhajoji a wannan mako. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalam.